Daga Bakin Rumfa: Kada Ka Sauke Ɗanka A Jami'a Ba Mai Masauki

  

Wannan makon niyyata in ci gaba da maganar kuɗin mota da ya hau kan albasa, sai wata hajiya mai sayar da atamfa ta aiko min da saƙon murya. Ta ce 'yarta ta samu gurbi a jami'a, kowa yana mata barka, ita kuwa barci ya ƙaurace mata. Ta ce, "Alhaji, kai da ka riga mu kai yaro, gaya mana abin da ake yi." To Hajiya, zan gaya miki, amma sai na fara da kuskuren da na tafka. Na tambayi yaron kafin in ɗauki alƙalami, ya ce in rubuta, kada dai in kira sunansa.

Masu bin shafin nan sun san ni. Allo na yi a ƙauyenmu kusa da Galmi, boko kuwa a kan buhun albasa na koye shi, da lissafin bashi da sauraren rediyo. Na sauka Kumasi ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba Turanci, ba Tuwi, ba kowa. Abin da kawai nake riƙe da shi, sunan wani dattijo a Aboabo da kawuna ya ba ni. Ina sallama a ƙofar gidansa ya shimfiɗa min tabarma a zaure. Washegari ya nuna min masallaci, ya nuna min famfo, ya nuna min inda ake sayar da koko da ƙosai, ya kai ni kasuwa ya ce wannan ka ba shi bashi, wancan ko ya rantse da Alƙur'ani kada ka ba shi. Wata uku ina cin tuwo a akushinsa. Allah ya jiƙansa.

Ba shi ya fara ba. Tun zamanin da ayari ke zuwa Salaga sayen goro, falke ba ya shiga gari sai da mai masauki. Shi ke ajiye maka kaya, shi ke nemo maka mai saye, shi ke tsaya maka in rigima ta taso. Kakanninmu sun san baƙo makaho ne ko da yana da ido. Da wannan tsarin aka kafa duk zangon da muke zaune a ciki yau. Abin mamaki, ni da na ci moriyarsa, da aka zo kan ɗana sai na manta da shi.

Ɗana na biyu ne. Ya gama sakandare, ya ci jarrabawar WASSCE da kyau, ya samu gurbi a Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa tun 1948. Kaf zuri'armu shi ne na farko da ya taka jami'a. Na yanka rago, aka yi addu'a, na yi ta amsa barka kamar ni na zauna jarrabawar.

Matsala ta farko wurin kwana ce. Kusan duk manyan jami'o'in yankinmu ɗalibai sun fi gadaje yawa, kuma ta intanet ake neman ɗaki, wanda ya makara ya rasa. Mu mun makara, don ni ina can ina bin bashi, shi kuma bai san da ranar ba. Sai ya samu lambar wani a wani dandalin WhatsApp na sabbin ɗalibai, wai dillali ne, yana da gado a hostal ɗin 'yan kasuwa kusa da makaranta. Ya turo hotuna masu kyau. Ya ce a tura kafin alƙalami sidi 2,500 ta MoMo kafin wani ya riga mu. Jama'a, ni da ba na sayen albasa sai na kwance bakin buhu na zura hannu har ƙasa, na biya kuɗin ɗakin da ban gani da idona ba. Ba rasit, ba shaida.

Ranar tafiya muka hau mota a Asafo, muka sha tafiyar awa biyar da wani abu zuwa Ankara. Da muka isa, dillali ya ce a waya ana fenti, a ba shi kwana uku. Wani yaro da suka yi sakandare ɗaya, yana gaban ɗana da shekara guda, ya ce ya kwana wurinsa kafin nan. Ni kuwa motar albasa tana hanya daga Galmi, hankalina yana Kumasi. Na damƙa masa kuɗin abinci, na dafa kafaɗarsa na ce, "Kai namiji ne. Ban da abokan banza, ban da 'yan mata. Kada in ji, kada in gani." Na juya a ranar.

Bayan kwana uku lambar dillali ta daina shiga. Yaro ya yi shiru bai gaya wa kowa ba. Makon da aka ware don wayar da kan sabbin ɗalibai, inda ake nuna musu ofisoshi da yadda ake rajistar darussa, shi yana can yana yawo a torotoro yana neman hostal ɗin da ke cikin hoto. Saboda haka bai san cewa malamai suna saka aiki a wani shafin intanet na makaranta mai suna Sakai ba, har aiki biyu suka wuce shi. Akwai darasi guda da yake shiga aji kullum, ashe rajistarsa ba ta kammala ba. Da dare ya shimfiɗa bargo a ƙasa a ɗakin mutane, da asuba ya naɗe ya fice kafin a tashi. Kuɗin abincin da nake turawa kuwa tara su yake, wai ya haɗa kuɗin wani ɗakin ba tare da na sani ba. Sau ɗaya yake cin abinci a rana, sauran garin rogo da sukari.

Duk wannan ina kiransa fa. Ga yadda wayar tamu take: "Lafiya?" "Lafiya lau, Baba." "Karatu?" "Alhamdu lillahi." "To, Allah ya yi albarka." Ko minti ɗaya ba ma cikawa. Ni a wurina na sauke nauyi.

Uwarsa ce ta fara ganewa. Ta ce, "Alhaji, yaron nan ya daina ɗaga kiran bidiyo, kuma muryarsa ba ita ba ce." Na ce mata shagwaɓa ce, ku mata kun cika saka ido, a bar yaro ya zama namiji. A mako na bakwai ya tura wa yayarsa saƙo ƙarfe biyu na dare. Ya ce ta roƙar masa Baba ya bar shi ya dawo kasuwa, boko ba nasa ba ne, kowa a ajin ya fi shi. Da asuba ta zo daga gidan mijinta ta miƙa min wayar, ba ta ce komai ba.

Ranar ban buɗe rumfa ba. Da na gan shi a bakin ƙofar makaranta sai da gabana ya faɗi. Wando yana neman zamewa, ya huda sabon rami a bel. Ban iya yi masa faɗa ba, ban kuma san me zan ce ba. Na ja shi muka hau torotoro zuwa Madina, gidan wani aminina. Tare muka yi dako muna samari. Shi ma albasa yake yi, yana cikin waɗanda aka tayar daga Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku a 2021, amma iyalinsa suna Madina.

Ya saurari labarin har ƙarshe, ya sa aka kawo wa yaro tuwo, sannan ya ja ni waje. Ya ce, "Alhaji, wata biyu ɗanka yana garin nan ban sani ba? Daga ƙofar makarantar nan zuwa gidana mota ɗaya ce fa." Na ce kunya na ji in ɗora masa nauyi. Ya ce, "Nauyi? Ranar da ka sauka Aboabo wa ya ɗauki naka? Ka taɓa tura ko buhu goma garin da ba ka da mai masauki? Ashe albasa ta fi ɗanka daraja." Maganar ta yi zafi, amma gaskiya ce.

Da dare na tambayi yaron me ya hana shi gaya min. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kai ka ce kada ka ji." Ni abin da nake nufi kada in ji ya yi abin kunya. Shi kuma abin da ya ɗauka kada ya kawo min kuka kowane iri. Kuma yana ganin shi ya jawo asarar kuɗin, tunda shi ya kawo lambar. Na ce masa ni na tura kuɗin da hannuna, laifin nawa ne, ya yafe min. Kun san ba ƙaramin abu ba ne Bahaushe ya faɗa wa ɗan cikinsa haka. Ban mutu ba dai, ga ni ina ba ku labari.

Washegari 'yar aminin nawa, wadda ta gama makarantar, ta shige mana gaba. A nan na ga abin da rashin sani ya hana mu. Ashe akwai ofishin shugaban harkokin ɗalibai. Akwai ofishin tallafin kuɗi ga ɗalibai marasa ƙarfi. Akwai cibiyar ba da shawara, inda ɗalibi zai zauna da wanda ya karanci damuwar zuciya ya faɗi abin da ke cinsa, maganar kuma ba ta fita. A sashensu akwai malamin da aka ɗora wa duba rajistar ɗalibai da ba su shawara, shi ya nuna masa yadda zai gyara ta darasin nan. Akwai asibitin makaranta. Ga ɗakin karatu na Balme, wanda yaron yake wucewa kullum bai taɓa shiga ba don yana ganin na manya ne. Bayan azahar muka haɗu da 'yan ƙungiyar ɗalibai musulmi ta Gana, GMSA. Cikin kwana huɗu suka samo masa gado na gaskiya. Wannan karon sai da na hau bene na zauna a kan katifar, na karɓi rasit mai hatimi, sannan na biya.

Ba zan ce muku komai ya gyaru nan take ba. Sakamakon zangon farko bai yi kyau ba, darasi ɗaya sai da ya sake shi. Kuɗin dillali kuwa har yau ba su dawo ba. Amma ya tsaya. Duk Juma'a ta ƙarshen wata yana Madina yana cin tuwo, matar aminina tana masa faɗa kamar ita ta haife shi. Yanzu yana shekara ta uku, kuma shi ne yake tarar yaran zangonmu idan sun sauka.

To Hajiya, da duk mai shirin kai yaro, ga abin da na koya da kuɗina.

Na farko, kafin ki sayi akwati, ki nemo mai masauki. Ba sai yarinyar ta zauna gidansu ba. A dai samu gida guda a garin da aka san da ita, inda za ta je ran hutu ta ci abincin gida, inda za a buga wa waya in zazzaɓi ya kama ta da tsakar dare. Ki kai ta da ƙafarki ki damƙa ta, a yi musayar lambobi a gabanki. Zumunta a ƙafa take. Kuma kada a tsaya nan, a nemo ɗaliba ɗaya da ta riga ta shiga, mai hankali, don mutanen gari ba su san cikin makaranta ba.

Na biyu, takardu. Wannan ya fi shafarmu mu 'yan ci-rani. Sau da yawa sunan yaro a takardar haihuwa daban, a takardar jarrabawa daban, a katin ɗan ƙasa daban. Nan Mahamadou da rubutun Faransanci, can Mohammed, can kuma Muhammadu. A kasuwa duk ɗaya ne, a kwamfuta mutum uku ne. A gyara tun yaro yana sakandare. Sannan a san matsayinsa tun wuri, ɗan ƙasa ne ko baƙo, domin a Gana kuɗin ɗalibi baƙo da dala ake yanka shi, kuma ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Nawa sun tsira ne saboda uwarsu haifaffiyar Kumasi ce, iyayenta ma 'yan ƙasa. A sabunta katin inshorar lafiya kafin tafiya.

Na uku, kada a tura ko kwabo ga wanda ba a gani ba. Kuɗin makaranta ta hanyar da makaranta ta rubuta a takardarta, kuɗin hostal bayan an ga ɗaki an karɓi rasit. Duk mai ce maka yi sauri kafin wani ya riga ka, kun san irinsa a kasuwa. In ba ka iya karanta takardun da makaranta ta turo ba, ba abin kunya ba ne, ka sa a karanta maka layi-layi, ka rubuta ranakun a bangon rumfa.

Na huɗu, makon wayar da kai ba wasa ba ne. Ko ana ruwan ƙanƙara yaro ya halarta. A nan ake sanin shugaban aji, a shiga dandalin ajin, a san ranar da ake rufe rajista. A jami'a ba mai bin ka da bulala, ba mai tambayar me ya sa ba ka zo ba. Gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin da malami ke bayarwa suna cikin makin ƙarshe, wanda ya yi sakaci da su ya shiga jarrabawa da gurguwar ƙafa.

Na biyar, kuɗin abinci a yanka masa rana. Ko kaɗan ne, ya san ran kaza ga wata suna shigowa. Yaron da bai san yaushe kuɗi za su zo ba, ba ya iya tsara cikinsa, kuma yunwa ita ke kai yara hannun mutanen banza da cacar waya. In abin ya fi ƙarfinka a tambaya. A Gana akwai asusun rancen ɗalibai na SLTF ga 'yan ƙasa. A Nijeriya an kafa NELFUND a 2024 don 'yan ƙasa da ke makarantun gwamnati. A Nijar hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu. Kowanne da sharuɗɗansa, a je ofis a ji daga bakinsu, ban da jita-jitar tasha.

Na shida, mu canza yadda muke waya. "Lafiya?" amsarta ɗaya ce a duk ƙasar Hausa, ko mutum yana kan gadon asibiti. Yanzu ni tambayata ita ce: me ka ci yau? Da wa ka ci? Wane darasi ne ya fi ba ka wuya? Ina ka yi Juma'a? Wa ke kwana a gadon da ke kusa da naka? Irin waɗannan ba a amsa su da "lafiya lau". Kuma in ya faɗi abin da bai yi maka daɗi ba, ka haɗiye faɗan tukuna. In ka yi tsawa sau ɗaya, ka rufe ƙofar ke nan.

Hajiya, ke da kike da 'ya mace, ga ƙari. A Legon akwai Volta Hall, na mata ne zalla, sauran makarantu ma za ki samu ɓangaren mata, sai a nema da wuri. Amma abin da ya fi katanga tsare yarinya shi ne ta san in wani ya matsa mata, malami ne ko ɗalibi ko wani mai mota, za ta iya gaya miki ba tare da an ce ta tattaro kayanta ta dawo a yi mata aure ba. Yawancin yaranmu mata tsoron a cire su daga makaranta ne yake sa su yin shiru da abin da bai kamata a yi shiru da shi ba. Ki faɗa mata da bakinki, mahaifinta ma ya faɗa mata da nasa.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, na san kuna leƙa shafin nan a wayar iyayenku. Ranar farko za ka ga kamar kowa ya san hanya sai kai. Za ka ji Turancin wasu kamar daga Ingila aka sauke su, kai kuma harshenka na zango. Wallahi da yawansu a ruɗe suke kamar kai, sun dai iya ɓoyewa. Matambayi ba ya ɓata. Ka nemi ƙungiyar 'yan uwa tun makon farko: GMSA a Gana, MSSN a Nijeriya wadda take nan tun 1954, AEMN a Nijar, CAMSU a Kamaru. 'Yan uwanmu Kirista su ma suna da nasu a kowace makaranta. Ka samu mutum biyu ko uku da za ku riƙa bitar darasi tare. In kuwa ka ga barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, ba ka son ganin kowa, ko zuciya ta fara raya maka cewa rayuwar ma ba ta da amfani, kada ka bari ya kwana. Ka gaya wa wani a ranar, ka je cibiyar ba da shawara ko asibiti. A yi addu'a, a kuma ga likita, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Magana ta ƙarshe ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa. Muna da asusun biki, muna da na rasuwa, in motar ɗayanmu ta faɗi a hanyar Bawku kafin magariba an haɗa gudummawa. Me zai hana kowane zango ya buɗe littafi guda, a rubuta yaranmu da ke jami'a, wace makaranta, wace shekara, da gidan da zai karɓe su a garin? Ba ya cin ko sidi ɗaya. Mu a rumfunan albasa mun fara bana, yara tara muka rubuta, kowanne an haɗa shi da gida. In ku ma kun fara a Lome ko Kwatano ko Duwala, ku aiko mana mu ji yadda kuka yi.

Mu mutanen Galmi mun san irin albasa. Ranar da aka cire shi daga inda aka rene shi aka dasa a fadama, kwanciya yake yi kamar ya mutu. Manomin da ya san aikinsa ba ya cewa iri ya lalace, ruwa yake ba shi safe da yamma har ya kama ƙasa. Watanni biyun farko na yaro a jami'a haka suke. Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun 'yarki, ya haɗa ta da mutanen kirki. Ki turo min sunan garin, wataƙila muna da gida a can.

Maganar kuɗin mota tana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gai da iyali.